Yadda Ake Kauce wa Tarar Jinkiri da Kuɗin Ruwa Idan Biyan Kuɗi Ya Maƙale a Gidan Waya a Amurka

Duk da yadda biyan kuɗi ta intanet ya zama ruwan dare, har yanzu akwai mutane da yawa a Amurka, ciki har da 'yan uwanmu Hausawa mazauna New York da sauran manyan birane, waɗanda ke rubuta caki ko su sayi takardar kuɗi ta gidan waya, su sanya a ambulan, su aika wa banki ko mai gida ko kamfanin wutar lantarki. Wasu suna yin haka ne saboda ba su daɗe da zuwa ba kuma ba su gama sabawa da tsarin bankunan ƙasar ba, wasu kuwa hankalinsu ya fi kwanciya da takarda a hannu. Matsalar takan taso ne idan wasiƙar ta yi nawa a hanya, sai mutum ya buɗe takardar bayanin asusunsa ta watan gaba ya tarar an ɗora masa tarar jinkiri da kuɗin ruwa, alhali shi a saninsa ya biya tun kafin wa'adi.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, a harkar katin bashi, ranar da kuɗin ya isa hannun banki ita ce ranar biya. Ranar da ka jefa wasiƙa a akwati ba ta shiga lissafi, haka nan hatimin kwanan wata da gidan waya ke bugawa a kan ambulan. Mutane da dama suna ruɗewa ne saboda hukumar tara haraji ta ƙasar, wato IRS, tana bin wata ƙa'ida dabam: idan hatimin gidan waya ya nuna 15 ga Afrilu, to takardar harajinka ta shiga kan lokaci ko da sai bayan mako guda ta iso. Wannan sassauci na haraji ne, doka ba ta ɗora shi a kan bankunan da ke ba da katin bashi ba. Saboda haka, idan laifin na gidan waya ne kaɗai, banki yana da ikon cin tara, kuma abin da ya rage maka shi ne roƙo. Amma akwai wasu yanayi da doka take bayanka, kuma sanin bambanci tsakanin wurin da za ka roƙa da wurin da za ka nemi haƙƙinka shi ne ginshiƙin dukkan matakan da ke tafe.

Abin da jinkirin kwana uku ke jawowa

Kafin a shiga matakai, yana da kyau a san girman asarar. Tarar jinkiri ita ce ta fi fitowa fili. A shekarun 2022 da 2023, adadin da dokar tarayya ta yarda banki ya ci ba tare da ya kawo hujjar ɗawainiyarsa ba shi ne dala 30 a karon farko, da dala 41 idan aka sake makara cikin watanni shida na lissafi da suka biyo baya. Hukumar kare masu mu'amala da cibiyoyin kuɗi, wato CFPB, ta ce tarar jinkiri da aka karɓa daga masu katin bashi a 2022 ta haura dala biliyan 14. A watan Maris na 2024 hukumar ta fitar da ƙa'idar da za ta rage tarar manyan bankuna zuwa dala 8, amma wata kotun tarayya a jihar Texas ta dakatar da ita kafin ta fara aiki, daga baya kuma aka soke ta a watan Afrilu na 2025. Akwai iyaka guda da ke nan daram: tarar ba za ta wuce mafi ƙarancin kuɗin da aka nemi ka biya a watan ba. Idan mafi ƙarancin biyanka dala 25 ne, ba za a ci ka tarar dala 30 ba.

Kuɗin ruwa kuwa shi ne wanda ke shigowa a ɓoye, kuma sau da yawa ya fi tarar ciwo. Mutumin da ya saba biyan dukkan abin da ake binsa kowane wata yana cin moriyar wa'adin rangwame, wato ba a ɗora masa ruwa ko kaɗan a kan sayayyarsa. Musulmi da yawa da ke riƙe da katin bashi a kan wannan rangwamen suke dogara don su kauce wa riba, saboda haka a wurinsu maganar ta wuce ta asarar kuɗi kawai. Da zarar biya ya makara, rangwamen ya faɗi. A ɗauka ana binka dala 2,000, ruwan katin kashi 24 cikin ɗari ne a shekara, an rufe lissafi ranar 1 ga wata, wa'adi kuma 25 ga wata, sai cakinka ya iso ranar 28. Ruwan kwana ɗaya a kan wannan kuɗi ya kai kimanin dala 1.32, kuma banki zai iya lissafa shi tun daga farkon zagayen lissafin da ake ciki, ba daga ranar wa'adi ba. Wato kwana 27 ke nan, kimanin dala 35 da rabi, ga tarar dala 30 a kai. Bugu da ƙari, duk sabuwar sayayyar da ka yi da katin za ta fara tara ruwa tun daga ranar da ka yi ta, har sai ka dawo da rangwamen ta hanyar biyan komai gaba ɗaya, wanda a wasu bankunan sai an yi wata biyu a jere.

Akwai matakai biyu na gaba da suka fi waɗannan muni. Idan jinkiri ya kai kwana 30, banki zai iya kai rahoto ga kamfanonin adana tarihin bashi, wato Equifax da Experian da TransUnion, kuma wannan tabo yana zama shekara bakwai. Tarihin biya shi ne kashi 35 cikin ɗari na makin FICO, wato makin da ke auna amincin mutum wajen biyan bashi, wanda masu ba da bashin gida da na mota suke dubawa, masu gidajen haya ma da yawa suna duba rahoton. Idan kuma jinkiri ya wuce kwana 60, banki yana da damar ɗaga ruwan tsohon bashinka zuwa na hukunci, wanda a katuna da yawa yakan kai kashi 29.99 cikin ɗari.

Mataki na farko: biya nan take, kada ka jira wasiƙar

Da zarar ka lura ranar wa'adi ta gabato ko ta wuce kuma asusunka bai nuna an karɓi kuɗi ba, ka biya ta wata hanyar a ranar: ta shafin bankin, ta manhajarsa, ta wayar tarho, ko ka je reshensa idan yana da reshe kusa da kai. Dokar katin bashi ta 2009, wadda Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu, ta hana banki cajin kuɗi saboda hanyar da ka zaɓa wajen biya, sai dai idan ka nemi ma'aikaci ya gaggauta maka shigar da kuɗin, don haka biya ta na'urar amsa waya mai sarrafa kanta kyauta ne. Idan ba ka da halin biyan duka sau biyu, ka biya mafi ƙarancin abin da aka nema, domin wannan ya isa ya tsayar da ƙidayar kwana 30 ɗin nan.

Sai maganar cakin da ke kan hanya. A ganina, idan akwai isasshen kuɗi a asusunka, gara ka bar shi ya iso, domin dakatar da caki yana da nasa cajin, wanda a bankuna da yawa ya kusa kai tarar da kake gudu. Idan ya iso bayan ka riga ka biya, rarar za ta zauna a katinka a cire ta daga sayayyar watan gaba, ko kuma ka rubuta ka nemi a mayar maka, doka kuma ta ba banki kwana bakwai na aiki ya mayar bayan ya karɓi buƙatarka a rubuce. Abin da za a kiyaye shi ne kada cakin ya iso ya tarar da asusu babu kuɗi, saboda a nan za a iya cin ka tara ta ɓangare biyu, bankinka da bankin katin. Idan kuwa mako biyu ya wuce babu labarinsa, to lokacin dakatarwa ya yi, don satar caki daga akwatunan gidan waya ta yi ƙamari a 'yan shekarun nan. Ɓarayi kan wanke rubutun da sinadari su sauya sunan mai karɓa da adadin kuɗi. Hukumar FinCEN ta ma'aikatar baitulmalin Amurka ta ce rahotannin zargin zambar caki da bankuna suka shigar sun haura 680,000 a 2022, kusan ninki biyu na shekarar da ta gabace ta. Wanda ya aika takardar kuɗi ta gidan waya kuma, rasit ɗin da aka yage masa shi ne makaminsa: da shi zai duba ko an karɓi kuɗin, da shi kuma zai cike fom mai lamba 6401 na neman a bincika a sauya masa wata, aikin da kan ɗauki makonni.

Mataki na biyu: bincika ko laifin na banki ne

Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ke iya mayar da roƙo ya zama haƙƙi. Ka ɗauko takardar bayanin asusunka da hoton cakin da aka karɓa, wanda akasari ana samu a shafin bankinka, ka duba abubuwa kamar haka.

Da farko ka duba ranar wa'adin da kanta. Doka ta ce duk kuɗin da ya isa adireshin biya zuwa ƙarfe 5 na yamma a ranar wa'adi, bisa agogon garin da ake karɓar kuɗin, ya shiga kan lokaci. Idan kuma wa'adin ya faɗo a ranar da banki ba ya karɓar wasiƙa, kamar Lahadi ko ranar hutun tarayya, to wasiƙar da ta iso a ranar aiki ta gaba ba ta makara ba. Wannan sassauci na biyan da aka aiko ta gidan waya ne, bai shafi na intanet ba.

Sai ka duba lokacin da aka aiko maka da takardar bayanin. Wajibi ne banki ya aika ta aƙalla kwana 21 kafin ranar wa'adi, kuma ranar wa'adin ta kasance ɗaya a kowane wata. A lura cewa ranar aikowa ake ƙirgawa, don haka idan banki ya aika kan lokaci gidan waya ya riƙe, wannan ba hujja ba ce a kan banki. Amma idan ka sauya gida, ka sanar da banki sabon adireshi a rubuce aƙalla kwana 20 kafin rufe zagayen lissafi, sannan suka aika tsohon adireshi, wannan kuskuren lissafi ne a idon doka.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba kowa ya sani ba. Idan banki ya sauya adireshin karɓar kuɗi ko tsarin sarrafa shi, kuma wannan sauyi ya jawo tsaiko mai yawa wajen shigar da biyanka cikin kwana 60 bayan sauyin, ba shi da ikon ɗora tara ko kuɗin ruwa saboda wannan makarar. Masu biyan bashin gida suna da kwatankwacin wannan kariya: idan aka mayar da kula da bashinka daga wani kamfani zuwa wani, duk biyan da ka aika wa tsohon kamfanin kan lokaci cikin kwana 60 na farko ba za a ɗauke shi a matsayin makararre ba.

Daga ƙarshe ka dubi naka ɓangaren da gaskiya. Idan ka aika cakin ba tare da guntuwar takardar biya da ake yagewa daga ƙasan bayanin asusu ba, ko ka manta ba ka rubuta lambar asusu ba, ko ka aika zuwa adireshin ƙorafi maimakon na biya, doka ta ba banki har kwana 5 ya shigar da kuɗin bayan ya karɓa. A irin wannan hali gidan waya bai yi laifin komai ba.

Mataki na uku: kira banki ka nemi yafiya

Idan bincikenka ya nuna gidan waya ne ya yi nawa, ka kira lambar da ke bayan katinka bayan ka tabbatar biyanka ya shiga, domin ma'aikaci ya fi sauƙin yafewa ga asusun da ba a binsa bashin da ya wuce wa'adi. Ka faɗi ranar da ka aika, da lambar cakin, da tsawon lokacin da ka yi kana biya ba tare da makara ba, sannan ka nemi a cire tarar. Bankuna da yawa suna yafe ta farko cikin ruwan sanyi, musamman ga wanda tarihinsa ke da kyau. Abin da mutane ke mantawa shi ne su ambaci kuɗin ruwa. Ma'aikaci zai cire tara ya yi maka sallama, ruwan kuma yana nan, saboda haka ka nemi abu uku a kira ɗaya: a cire tarar jinkiri, a cire ruwan da ya biyo bayanta, a kuma dawo maka da wa'adin rangwame. Ka tambaya ko an kai wani rahoto ga kamfanonin tarihin bashi. Idan ma'aikacin farko ya ce ba shi da iko, ka nemi a haɗa ka da na gaba da shi ba tare da ɗaga murya ba, tunda alfarma kake nema. Ka rubuta ranar kiran da sunan wanda ka yi magana da shi da lambar shaidar kiran idan sun bayar, sannan ka duba takardar bayanin watanni biyu masu zuwa, domin ragowar ruwa na kwanakin da ke tsakanin rufe lissafi da shigar kuɗinka yakan bayyana ne a wata na gaba.

Mataki na huɗu: rubuta takardar ƙorafi idan kana da hujja

Idan kuwa banki ne ya karɓi kuɗi bai shigar a ranar da ya karɓa ba, ko ya saɓa ɗaya daga cikin ƙa'idojin da aka ambata, kiran waya bai wadatar ba. Dokar gyaran kuskuren lissafin bashi ta 1974 tana ba da cikakkiyar kariyarta ne ga wanda ya rubuto. Dole takardarka ta isa banki cikin kwana 60 daga ranar da aka aiko bayanin asusu na farko mai ɗauke da kuskuren, kuma a aika ta zuwa adireshin da aka ware don ƙorafin lissafi, wanda ya bambanta da na biya. Ka sanya sunanka da lambar asusu da adadin da kake jayayya a kai da dalilinka, ka haɗa da kwafin hujjoji, ka riƙe na asali. Ka aika ta hanyar Certified Mail, wato saƙon gidan waya da ake sa hannu kafin a karɓa, tare da takardar shaidar karɓa da za a dawo maka da ita. Banki zai amsa cewa ya karɓa cikin kwana 30, ya kuma kammala bincike cikin zagayen lissafi biyu, ba tare da wuce kwana 90 ba. A tsawon wannan lokaci ba dole ne ka biya adadin da ake jayayya a kai ba, amma dole ka ci gaba da biyan sauran.

Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, kana iya shigar da ƙorafi a shafin CFPB, inda akasari ake sa ran kamfani ya amsa cikin kwana 15, ko ka kai wa ofishin babban lauyan jiharka. Idan an riga an shafa maka tabo a tarihin bashinka bisa kuskure, ka karɓi rahotonka kyauta a annualcreditreport.com, ka shigar da jayayya ga kowane kamfani da ya nuna shi.

Kuɗin haya da na wuta da bashin gida

Kusan duk abin da ya gabata na katin bashi ne. Bashin gida yawanci yana da sassaucin kwana 15 bayan ranar 1 ga wata kafin a ci tara, tarar kuma takan kasance kashi 4 ko 5 cikin ɗari na biyan watan. Kuɗin haya ya danganta ga yarjejeniyar haya da dokar jiha. A jihar New York, tun daga 2019, mai gida ba zai ci tara ba sai haya ta makara fiye da kwana 5, kuma tarar ba za ta wuce dala 50 ko kashi 5 cikin ɗari na hayar wata ba, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Kamfanonin wuta da gas kuma akasari hukumar kula da ayyukan jama'a ta jiha ce ke tsara musu, kuma can ake kai ƙorafinsu.

Yadda za a aika a gaba

Tun daga 1 ga Oktoba 2021, gidan wayar Amurka ya faɗaɗa lokacin isar da wasiƙar aji na farko, wato wasiƙar yau da kullum, daga kwana 1 zuwa 3 ya koma kwana 1 zuwa 5, kuma wannan buri ne da suka ɗora wa kansu, ba alkawari ba. Don haka ka aika aƙalla kwana 10 kafin wa'adi, ka ƙara a kan haka a watan Disamba da lokacin dusar ƙanƙara ko guguwa. Ka miƙa ambulan a cikin gidan waya maimakon shuɗin akwatin bakin titi, idan kuma dole ne akwatin, ka duba lokacin kwasar ƙarshe da ke rubuce a jikinsa kada wasiƙar ta kwana a ciki. A kantar gidan waya kana iya neman a buga maka hatimi da hannu a gabanka, ko ka sayi Certificate of Mailing, wato fom 3817, wanda ke tabbatar da ranar da ka aika. Ba zai tilasta wa banki komai ba, amma yana ƙarfafa roƙonka ƙwarai. Certified Mail kuwa ya dace da takardar ƙorafi fiye da biyan kuɗi, domin neman sa hannu yana iya ƙara jinkiri a akwatin da injina ke sarrafa dubban cakuna, kuma bankuna da yawa suna da adireshi na dabam don saƙon gaggawa.

Wanda ke amfani da tsarin biyan kuɗi na shafin bankinsa ya bincika yadda ake turawa, saboda idan mai karɓa ba ya cikin tsarin lantarki, bankin caki yake bugawa ya aika ta gidan waya, ke nan an koma gidan jiya. Hanyar da ta fi rufe ƙofar tara ita ce ka sa bankin katin ya riƙa cire mafi ƙarancin biya kai tsaye daga asusunka kowane wata, sannan ka aika sauran ta hanyar da ka ga dama. Sai dai wannan tarar jinkiri kawai yake hanawa. Wanda ke son kauce wa ruwa gaba ɗaya sai ya sa a riƙa cire dukkan adadin da bayanin asusu ya nuna, ya kuma nemi banki ya mayar masa da ranar wa'adi zuwa 'yan kwanaki bayan shigar albashinsa, abin da yawancin bankuna ke amincewa da shi ta waya ko ta shafinsu.